Tambayoyin Wadatar Bayani a Jarrabawar Gwajin Basirar Lissafi: Siffarsu da Hanyar Warware Su

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Oktoba na 1962, lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, garin Samaru bai sake rabuwa da masu shirin jarrabawa ba. Akwai yaran da suka gama sakandare suna neman gurbi a jami'a, akwai kuma waɗanda suka riga suka sami digiri na farko, suna neman ƙaro ilmi ko kuwa aiki a banki ko wani babban kamfani. Waɗannan na biyun sau da yawa sai sun tsallake wata jarrabawa da akan kira gwajin basira kafin a ko dubi takardunsu. Shi ya sa akan gan su a shagunan littattafai na Samaru da na Sabon Gari suna cigiyar tsofaffin tambayoyi.

A cikin zaman da muka sha yi da irin waɗannan ɗalibai mun lura da wani abu mai ɗaure kai. Sai ka ga ɗalibi gwanin lissafi, wanda da wuya a ba shi aiki ya kasa, amma da zarar ya iso ga wani nau'in tambaya sai ya yi ta tuntuɓe. Nau'in kuwa shi ne wanda ba a neman amsar lissafin kanta. Abin da ake so ɗalibi ya faɗa shi ne ko bayanin da aka ba shi ya isa a fitar da amsa, ko bai isa ba. A wannan takarda mun raɗa wa wannan nau'i suna tambayar wadatar bayani.

Maƙasudinmu shi ne mu bayyana asalin waɗannan tambayoyi da siffarsu, sa'an nan mu shimfiɗa hanyar warware su, mu kuma nuna ramukan da ɗalibai suka fi faɗawa ciki. Ra'ayin da muke son kafawa shi ne, abin da ke kayar da ɗalibanmu a nan galibi ɗabi'ar cike giɓi da zato ce, ba ƙarancin sanin lissafi ba, kuma maganin wannan ɗabi'a yana nan a cikin al'adun ilmi da muka gada.

2.0 Asalin Tambayoyin

A ƙasar Amurka aka fara amfani da wannan nau'in tambaya a manyan jarrabawowi. An shigar da shi cikin jarrabawar SAT ta shiga jami'o'in ƙasar a 1959, ya zauna a cikinta har 1974, lokacin da aka maye gurbinsa da wani nau'i na kwatanta adadi biyu. Inda ya yi kaka-gida sosai shi ne jarrabawar shiga makarantun koyon harkokin kasuwanci na gaba da digirin farko, wadda aka fara yi a 1954, aka kuma sake mata suna zuwa GMAT a 1976. A 2023 aka sake fasalin wannan jarrabawa, aka ɗauke tambayoyin wadatar bayani daga sashen lissafi zalla, aka mai da su sashen nazarin bayanai, wanda ke da tambaya 20 a cikin minti 45. Haka nan ana samun irinsu a jarrabawar ɗaukar ma'aikatan bankuna a ƙasar Indiya.

Ta hanya biyu tambayoyin ke iso wa ɗalibanmu. Ta farko ita ce ta masu neman ƙaro ilmi a ƙasashen waje, waɗanda wasu daga cikinsu kan zauna GMAT ita kanta. Ta biyu, wadda ta fi shafar jama'a, ita ce ta gwajin ɗaukar ma'aikata a nan gida, domin masu shirya irin wannan gwaji sukan kwaikwayi salon waccan jarrabawa.

Abin lura a nan shi ne, ɗalibinmu bai taso da wannan salo ba. Tun daga lissafin firamare, zuwa jarrabawar WAEC, zuwa ta Hukumar JAMB da aka kafa a 1978, abin da ya saba da shi ɗaya ne: kowace tambaya tana da amsa, kuma duk lambar da aka rubuta a cikinta sai an yi aiki da ita. Shekara goma sha biyu ko fiye yana kan wannan turba. To, ranar da aka ce masa mai yiwuwa ne amsar daidai ita ce "bayanin bai isa ba", sai ya ga kamar an ce ya amsa gazawarsa da bakinsa.

3.0 Siffar Tambaya

Kowace tambayar wadatar bayani tana da gaɓa uku. Akwai uwar tambaya, wadda takan zo da ɗan bayanin share fage. Akwai bayanai biyu masu lamba (1) da (2), waɗanda ake ɗauka duk gaskiya ne, kuma ba sa saɓa wa juna. Sa'an nan akwai zaɓi biyar waɗanda ba sa sakewa daga tambaya zuwa tambaya, ga su kamar haka:

A. Bayani na (1) shi kaɗai ya isa, amma na (2) shi kaɗai bai isa ba.
B. Bayani na (2) shi kaɗai ya isa, amma na (1) shi kaɗai bai isa ba.
C. Babu wanda ya isa shi kaɗai, amma in an haɗa su biyu sun isa.
D. Kowanne daga cikinsu ya isa shi kaɗai.
E. Ko an haɗa su biyu ba su isa ba.

Kalmar "isa" a nan tana da ƙayyadaddiyar ma'ana. In tambaya tana neman adadi, bayani ya isa ne idan ya tsai da adadi ɗaya tak, babu na biyunsa. In kuwa tambaya tana neman a ce "i" ko "a'a", bayani ya isa ne idan kullum amsa ɗaya yake bayarwa. Duk bayanin da ya bar ƙofa biyu a buɗe, to, bai isa ba, ko da ɗayar ƙofar ta fi ɗayar faɗi nesa ba kusa ba.

Domin a ga cewa wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu, bari mu fara da misali daga ilmin rabon gado.

Misali na 1. Wani mutum ya rasu ya bar mata ɗaya. Nawa ne rabon matar daga dukiyarsa?
(1) Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, abin da ya rage ₦800,000 ne.
(2) Mamacin ya bar ɗa namiji.

Duk wanda ya karanta fiƙihu ya san cewa rabon mata rubu'i ne in mijin bai bar ɗa ko jikan da ke gado ta wajen ɗa ba, sumuni ne kuwa in ya bari. Saboda haka bayani na (1) ya bar mu tsakanin ₦200,000 da ₦100,000, watau bai isa ba. Bayani na (2) ya tabbatar da sumuni, amma sumunin nawa? Shi ma bai isa ba. In an haɗa su sai a sami ₦100,000, babu wata amsa bayanta. Zaɓin daidai shi ne C.

Malamin da aka kawo wa rabon gado a zaure ba ya fara lissafi sai ya ƙare tambaya: 'ya'ya nawa, mata nawa, iyaye suna raye, akwai bashi? In amsa ɗaya ta yi giɓi sai ya ce a je a bincika a dawo. Ba wanda ke ganin wannan gazawa ce, hasali ma ita ce alamar sani. Wannan hali na malamin shi ne ainihin abin da jarrabawar ke aunawa.

4.0 Hanyar Warwarewa

Hanyar da muke koya wa ɗalibai tana da mataki huɗu, kuma muna jaddada musu cewa bin tsarin matakan ya fi saurin lissafi muhimmanci.

Mataki na farko shi ne a tsaya kan uwar tambaya kafin a dubi bayanan. Ɗalibi ya tambayi kansa, me ake nema, adadi ko "i" da "a'a"? Me aka riga aka ba ni? Me ya rage in sani kafin in iya amsawa? Wanda ya san abin da ya ɓace masa shi ke gane shi in ya gan shi.

Mataki na biyu shi ne a ɗauki bayani na (1) shi kaɗai. In ya isa, amsa ba za ta wuce A ko D ba. In bai isa ba, amsa tana cikin B da C da E. Da wannan mataki kaɗai ɗalibi ya rage zaɓi daga biyar zuwa biyu ko uku, ta yadda ko lokaci ya ƙure masa ya koma canke, damarsa ta tashi daga ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin biyu ko ɗaya cikin uku.

Mataki na uku shi ne a ɗauki bayani na (2) shi kaɗai, a manta da na (1) ƙwata-ƙwata. Mukan ce wa ɗalibi ya sa yatsa ya rufe shi. Kamar alƙali ne da ke sauraron shaidu biyu, ba ya barin abin da na farko ya faɗa ya cike gurbin abin da na biyu bai faɗa ba.

Mataki na huɗu, watau haɗa bayanan biyu, ba a zuwa gare shi sai in kowannensu ya gaza shi kaɗai. A nan ne ake rarrabe C da E.

Misali na 2. A wani aji na ɗalibai 60, 'yan mata nawa ne?
(1) Maza 36 ne.
(2) 'Yan mata su ne kashi 40 cikin ɗari na ajin.

Bayani na (1) ya isa, domin in an ɗebe 36 daga 60 saura adadi ɗaya. Amsa ke nan A ce ko D. Bayani na (2) shi ma ya isa, domin kashi 40 cikin ɗari na 60 adadi ɗaya ne. Zaɓin daidai D ne. A lura cewa ba lalle ne ɗalibi ya kai ga 24 ba. Da zarar ya tabbata hanya ta buɗe zuwa amsa ɗaya, aikinsa ya ƙare, sai ya wuce gaba. Ɗalibai da yawa a nan suke ɓarnar lokaci, suna ƙarasa lissafin da ba wanda ya tambaye su.

5.0 Ramukan da Ɗalibai ke Faɗawa

5.1 Shigo da sanin kasuwa

Wannan shi ne rami mafi zurfi, kuma ɗalibin da ya fi sanin duniya shi ya fi saurin faɗawa cikinsa.

Misali na 3. Wani manomi ya kawo buhun masara ɗaya kasuwar Sabon Gari, ya sayar da shi duka tiya-tiya a kan farashi ɗaya. Nawa ya samu?
(1) Kuɗin tiya ɗaya ₦2,000 ne.
(2) Nauyin masarar da ke cikin buhun kilo 100 ne.

Ɗalibin da ya taso a gidan hatsi nan take zai ce ai kowa ya san buhu tiya 40 ne, ya ninka, ya sami ₦80,000, ya zaɓi A. Amma ina aka faɗi haka a cikin tambayar? Buhu suna suka tara, akwai babba akwai ƙarami, awo kuma akwai na tozo akwai na shafe, kwanon wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba. Bayani na (2) ya ba mu nauyin buhu, amma bai ba mu nauyin tiya ba, balle kuɗi. Ko an haɗa su biyu, yawan tiyoyin da ke cikin buhun bai tabbata ba. Zaɓin daidai E ne.

Ya kamata a bambance sani iri biyu. Akwai tabbataccen sani wanda ba ya sakewa ko'ina, kamar cewa awa ɗaya minti 60 ce, naira ɗaya kwabo 100 ce, mako kwana 7 ne. Wannan an yarda ɗalibi ya shigo da shi. Akwai kuma sanin al'ada, wanda yakan zama gaskiya yau a nan, gobe ya saɓa a can. Watan Yuli kwana 31 ne kowace shekara, amma watan Sha'aban yana iya zama 29 ko 30, sai an ga jinjirin wata. Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a wannan jarrabawa maganar ta zauna daram.

5.2 Bayani ɗaya cikin riga biyu

An koya wa ɗalibi a darasin aljabara cewa in akwai abu biyu da ba a sani ba, ana bukatar daidaito biyu. Sai ya riƙe wannan ƙa'ida kamar karatun allo, yana ƙirga daidaito ba tare da ya dubi abin da ke cikinsu ba.

Misali na 4. A wani shago a Samaru, nawa ne kuɗin littafin rubutu ɗaya?
(1) Littafi 2 da biro 3 sun kama ₦1,300.
(2) Littafi 4 da biro 6 sun kama ₦2,600.

A ido, ga abu biyu da ba a sani ba, ga daidaito biyu, sai ɗalibi ya zaɓi C. Amma bayani na (2) ba kome ba ne illa na (1) da aka ninka sau biyu, bai ƙara mana ko ƙwayar sani ba. Littafi yana iya zama ₦500 biro ₦100, yana kuma iya zama ₦350 biro ₦200, duka sun dace da bayanan biyu. Zaɓin daidai E ne.

5.3 Neman abin da ba a tambaya ba

Wannan rami kishiyar na sama ne. A nan ɗalibi yana ganin bayani bai isa ba alhali ya isa.

Misali na 5. Nawa ne kuɗin littafi ɗaya da biro ɗaya a haɗe?
(1) Littafi 3 da biro 3 sun kama ₦1,500.
(2) Littafi ya fi biro tsada da ₦100.

Ɗalibi zai ce sai ya san kuɗin littafi dabam, na biro dabam, saboda haka yana bukatar bayanan biyu. Amma ba a tambaye shi kuɗin kowanne ba, jimla aka tambaya. In an raba ₦1,500 gida uku an sami ₦500, magana ta ƙare. Bayani na (2) shi kaɗai ba ya kai mu ko'ina. Zaɓin daidai A ne. Masu shirya jarrabawa sun san cewa zuciya tana natsuwa da zaɓin C, domin haɗa bayani biyu ya fi kama da cikar aiki, don haka sukan ɗana tarko a wajen. Duk lokacin da C ta zo wa ɗalibi da sauƙi ƙwarai, ya kyautu ya koma ya sake auna kowane bayani shi kaɗai.

5.4 Ɗaukar "a'a" a matsayin rashin isa

Misali na 6. Shin ɗaliban wani aji sun haura 40?
(1) Sun haura 20.
(2) Da aka zaunar da su huɗu-huɗu a kan benci 9, kowa ya sami wuri har da saura.

Bayani na (1) bai isa ba, domin 25 ta haura 20, haka ma 45, ga "a'a" ga "i". Bayani na (2) ya nuna cewa ba su kai 36 ba, saboda haka amsar tambayar ita ce a'a, ba su haura 40 ba. Ɗalibai da yawa da sun ga "a'a" sai su ce bayanin ya gaza. Wannan kuskure ne. Shaidar da ta wanke wanda ake tuhuma cikakkiyar shaida ce, daidai da wadda ta tabbatar masa da laifi. Zaɓin daidai B ne.

5.5 Mantuwa da wasu jinsunan lambobi

In an ce wa ɗalibi "wata lamba", abin da ke faɗo masa a rai shi ne 1, 2, 3 da 'yan'uwansu. Yakan manta da sifiri, da guntayen lambobi irin su rabi da sulusi, da kuma lambobin da ke ƙasa da sifiri, waɗanda mukan kwatanta wa yara da bashi.

Misali na 7. Wace lamba ce x?
(1) In an ninka x da kanta ana samun 49.
(2) x ba ta kai 10 ba.

Bayani na (1) ya ba da 7, ya kuma ba da −7. Bayani na (2) ya ba da lambobi ba iyaka. In an haɗa su, 7 da −7 duka ba su kai 10 ba, saboda haka ƙofa biyu na nan a buɗe. Zaɓin daidai E ne. Da bayani na (2) cewa ya yi x ta haura sifiri, da amsa ta zama C.

Sai dai kuma wani lokaci yanayin abin da ake ƙirgawa shi ke rufe ƙofofin, kamar yadda misali na gaba zai nuna.

Misali na 8. Wata mata ta sayi kaji a kan ₦5,000 kowace, da zabi a kan ₦7,000 kowane. Kaji nawa ta saya?
(1) Jimlar abin da ta biya ₦31,000 ne.
(2) Zabin sun fi kajin yawa.

Ga daidaito ɗaya, ga abu biyu da ba a sani ba, sai ɗalibi ya yanke cewa bayani na (1) bai isa ba. Amma ba a sayen rabin kaza mai rai. Bari mu gwada. In babu zabo ko ɗaya, ₦31,000 ba ta rabuwa da ₦5,000. In zabo 1 ne, saura ₦24,000, ba ta rabuwa. In 2 ne, saura ₦17,000, ba ta rabuwa. In 3 ne, saura ₦10,000, watau kaji 2. In 4 ne, saura ₦3,000, ba ta sayen kaza. Hanya ɗaya ce tak ta fita, saboda haka bayani na (1) ya isa. Na (2) kuwa shi kaɗai bai tsai da kome ba. Zaɓin daidai A ne.

Darasin misalan nan biyu ɗaya ne. Kafin ɗalibi ya ce bayani ya isa, ya yi ƙoƙarin karya shi, watau ya nemo lambobi biyu da suka dace da bayanin amma suka ba da amsa dabam-dabam. Ya gwada cika ya gwada mara, ya gwada sifiri, da guntu, da lambar bashi, da wata ƙatuwar lamba. In ya samo biyu masu saɓani, bayanin ya faɗi. In yanayin tambayar ya hana wasu jinsunan, kamar yadda kaji suka hana guntu, sai ya tsaya cikin abin da aka yarje masa.

6.0 Matsalar Harshe

Da Turanci ake yin waɗannan jarrabawowi, kuma sau da yawa makin tambaya kan rataya ne a kan 'yar kalma ɗaya. Bambancin da ke tsakanin "ya kai 40" da "ya haura 40", ko tsakanin "bai kai 40 ba" da "bai wuce 40 ba", shi ke raba A da E. Bahaushe ba ya rikita waɗannan a harshensa. Ɗan kasuwar da aka ce wa kada kuɗin kaya ya wuce dubu arba'in ya san cewa dubu arba'in cif ta halatta, in kuwa aka ce kada ya kai, ya san ba ta halatta ba. Amma ɗalibin da ya san wannan sarai da Hausa, in ya gamu da takwarorinsu na Turanci cikin gaggawar jarrabawa, sai ya karanta su duka da ma'ana ɗaya, watau "wajen arba'in".

Abin da muka gani a aji shi ne, in aka fara tattauna misali da Hausa har ɗalibai suka yi gardama a kansa suka gane inda giɓin yake, sa'an nan aka kawo musu irinsa da Turanci, sukan riƙe ma'anar kalmomin fiye da in an ba su jerin kalmomi su haddace. Wannan bai saɓa wa abin da masana ilmi suka daɗe suna faɗa ba. Shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 an gina shi ne a kan koyar da yara darussa, har da lissafi, da harshen Yarbanci. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ita ma ta tanadi a fara koyarwa a firamare da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi. Abin da muke ƙarawa kawai shi ne, amfanin harshen gida wajen gyara tunani bai ƙare a firamare ba, har mai digiri yana cin moriyarsa.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari huɗu ga malaman lissafi da masu horar da su.

Na farko, a riƙa cuɗa tambayoyin da bayaninsu bai cika ba a cikin aikin aji tun daga ƙaramar sakandare, a kuma ba da cikakken maki ga yaron da ya ce ba za a iya amsawa ba, muddin ya faɗi abin da ya ɓace. Haka nan a riƙa sa tambayoyi masu bayanin da ya yi yawa, domin yaro ya saba da ajiye lambar da ba ta da aiki.

Na biyu, a riƙa ɗauko misalai daga abin da ɗalibi ya sani, kamar awon hatsi, da kuɗin mota tsakanin Samaru da Sabon Gari, da rabon gado, da fitar da zakka. A irin waɗannan ne zato ya fi saurin shigowa, saboda haka a nan ya fi kyau a koyi kama shi.

Na uku, a sa ɗalibai su riƙa shirya tambayoyin da kansu, kowa ya kawo ɗaya mai amsa C da ɗaya mai amsa E, abokansa su gwada. Wanda ya taɓa ɗana tarko da hannunsa ya fi saurin gane shi a hanya.

Na huɗu, masana harshe da malaman lissafi su zauna tare su daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa. Waɗanda muka yi amfani da su a nan, irin su wadatar bayani da uwar tambaya da lambar bashi, shawara ce muka kawo gaban wannan taro, muna kuma maraba da gyara.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun bayyana cewa tambayar wadatar bayani tana auna ko ɗalibi ya san iyakar abin da aka ba shi. Mun kawo siffarta da zaɓinta biyar, mun shimfiɗa mataki huɗu na warware ta, mun kuma nuna ramuka biyar tare da misalansu. Mun ga cewa lissafin da ke cikin misalan nan takwas bai wuce na ƙaramar sakandare ba, amma duk da haka suna kayar da masu digiri, saboda an saba musu da cewa kowace tambaya tilas ta haifi lamba.

Abin da ke cikin wannan al'amari ya wuce samun gurbin karatu ko na aiki, ko da yake wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga saurayin da iyayensa suka sayar da amfanin gona suka yi masa hidimar karatu. Ɗaliban nan su ne gobe za su zauna a ofis a kawo musu rahoto a ce su sa hannu, ko a asibiti a kawo musu sakamakon gwaji ɗaya a ce su faɗi cuta, ko a kotu a kawo musu shaida guda a ce su yanke hukunci. Wanda aka horar tun yana aji ya iya cewa "wannan bai isa ba, a kawo mini kaza", ya kuma iya cewa "wannan ya isa, ba sai an ƙara ba", shi ne za a iya danƙa wa irin waɗannan ayyuka. Muna fata mahalarta wannan taro za su gwada waɗannan misalai a azuzuwansu, su kuma kawo mana abin da suka gani a zama na gaba.